Raddi ga masu cewa "SPICE ya gama magana"

Wata magana da ke yawo tsakanin matasan injiniyoyi ta ishe ni. Wai tunda kwamfuta ta yi sauri, ba ruwan kowa da hanyar lissafin da ke ƙarƙashin SPICE, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki: ka zana layin sigina, ka jera dayodin barakta, duk abin da ya fito a allo shi ne gaskiya.

Wannan ganganci ne. A layin da aka jera wa barakta, ikon ajiyar caji yana raguwa idan ƙarfin lantarki ya ƙaru, don haka ƙololuwar igiya ta fi gindinta gudu. Gefen igiyar sai ya yi ta tsini har ya miƙe kamar bango. Tun 1960 Rolf Landauer na IBM ya bayyana haka. To, me ke tsayar da tsinin? A layin gaske, gaɓoɓinsa ne, domin akwai mitar Bragg da sigina ba ya wucewa, kuma daga nan ne soliton, wato igiya tilo mai riƙe siffarta, ke fita, irin wanda Hirota da Suzuki suka nuna a 1970. Amma ragar lissafi ita ma gaɓa-gaɓa ce! Idan ta yi faɗi, sai ta haifi nata ƙananan igiyoyi a bayan bangon, masu kama da na gaske sak. Hanyar tarafizoyid, wadda SPICE ke farawa da ita, ta kan bar rawar ƙarya a sakamako. Ka gudu zuwa hanyar Gear, ita kuma tana shanye kuzari, har ta iya danne soliton na gaske. Ɗaya ta ƙaro abin da babu, ɗaya ta goge abin da ke nan. Wanda bai san wacce ya kunna ba, da me zai tantance? Haba jama'a!

Suna kuma cewa a rage taƙin lokaci kawai. Amma a hanyar Yee ta 1966, wadda ke lissafin igiya a kan raga, sharaɗin Courant, Friedrichs da Lewy na 1928 ya ɗaure taƙin da saurin igiya, kuma a nan saurin ba ɗaya ba ne. Sai ka auna da mafi sauri, in ba haka ba lissafi ya tarwatse.

Batun hanyar lissafi ta daidaita jituwar mita kuwa, gefe mai tsini yana buƙatar mitoci masu yawa. Ka datse su, rawa ta bayyana.

Cewarsu ta ƙarshe, wai ma'aunin ɗakin gwaji zai gyara komai. Bayan an kashe kuɗin ƙera guntun galiyom asenayid?