Tsohon Hannu Da Sabon Shiga A Wurin Ɗaga Ƙarfe

A 'yan shekarun nan da wuya ka ratsa unguwa ba ka tarar da wani lungu ko kango inda samari suke ɗaga ƙarfe ba. Wasu sun sami na kanti, amma galibi na gida ne: a cika gwangwanin fenti biyu da siminti, a soka bututun ƙarfe a tsakani, shi ke nan an sami kayan aiki. Ni ban ga laifin wannan ba, don ina cikin masu yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake karɓar sabon shiga, domin a nan ne ake yin ɓarnar da take sa iyayenmu su tsani abin baki ɗaya.

Bari in fara da kaina. A dogon hutun da ya wuce na bi wani yayana, ɗan baffana, wanda ya shekara 4 yana wannan harka. Ranar farko ya kwanta a benci ya tura kilo 60 sau 10 kamar wasa. Ya tashi ya ce, "Bisimilla, ƙane." Na ce, "Yaya, a ɗan rage mini mana." Sai abokansa suka fashe da dariya, wani ya ce ashe amarya aka kawo musu. Kunya ta sa na kwanta. Ƙarfen ya sauko bai koma ba, kuma da Yaya bai yi wuf ya cafe shi ba, da a maƙogwarona zai zauna. Ban daddara ba, na bi su duk abin da suka yi har magariba. Kwana 5 ba na iya sa riga sai an taimake ni, kafaɗata ta dama kuwa sai da ta yi wata guda tana ciwo. Mahaifiyata ta ce in ta sake jin na je wurin, to, ni da ita ne. Ba ta yi laifi ba.

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne, sabo da tsohon hannu su haɗa lokaci, su haɗa wuri, su haɗa irin motsin da za a yi, amma kada su haɗa nauyi. Kowa da nasa.

Dalili kuwa yana cikin halittar jiki. Masana sun nuna cewa ƙarfin da mutum yake samu a makonnin farko yawancinsa ba daga girman tsoka yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwa ce take koyon yadda za ta sa tsokoki su yi aiki tare a lokaci guda, kamar dai yadda hannu yake koyon rubutu. Shi ya sa sabon shiga yakan ga nauyinsa yana hawa kusan kowane mako, alhali tsohon hannu sai ya yi wata da watanni kafin ya ƙara kilo 2. To, amma jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma gaɓoɓi, ba sa ƙarfafa da saurin da tsoka take yi. Yaya ya ba nasa shekara 4 suna sabawa, ni kuwa na nemi nawa su yi aikin a yini ɗaya. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Mutanen Girka na dā suna ba da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda ya rayu fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Wai kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi yana girma shi ma ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko da labarin almara ne, ai ba a ce da bijimin ya fara ba. A shekarar 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya wallafa yadda yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar ɗaga nauyi. A 1948 shi da Arthur Watkins suka daidaita tsarin ya zama zubi 3, kowane zubi sau 10. Da farko ana gano nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 10 ba ƙari. Zubin farko sai ya ɗauki rabinsa, na biyu kashi uku cikin huɗu, na uku ya ɗauki dukansa. A lura da kyau, ma'aunin daga jikin mai ɗagawa aka ɗauko shi, ba daga jikin na gadon kusa da shi ba.

To, yaya za a tsara? Kwana 3 a mako sun ishi sabon shiga, misali Litinin da Laraba da Asabar, don tsokar da aka wahalar tana bukatar kamar awa 48 kafin a sake komawa kanta. In tsohon hannu yana zuwa kwana 5, sauran biyun nasa ne shi kaɗai, kada ya ja ƙanensa. Mako biyu na farko kada a ɗora komai. A koyi tsugunawa da miƙewa baya a miƙe, da kifa ciki a tura ƙasa da hannuwa, da kama ƙarfe a ja jiki sama, da ɗauko abu daga ƙasa ba tare da an lanƙwasa gadon baya ba. Bayan haka sai a ɗauki sandar ita kaɗai. Kada a raina ta, sandar gasa ta maza kilo 20 ce, ta mata 15. In mutum ya yi zubi 3 sau 10 cikin natsuwa, yana jin da sauran biyu ko uku a jikinsa, to, zuwa na gaba a ƙara masa kilo 1 ko 2.

Matsalar kayan siminti ita ce ba a iya ragewa ko ƙarawa, abin da aka zuba ya zauna. Don haka duk wurin da ake karɓar sababbi ya kamata a zuba ƙanana da gwangwanin madara, a auna su a sikeli a rubuta nauyin a jiki. In babu, jarka ta wadatar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka zuba 8 yau, mako mai zuwa ka zuba 9.

Aikin babba a nan ya fi na ƙarami yawa, kuma shi ne na ga ana yi wa riƙon sakainar kashi. Shi zai tsaya a kan ƙanensa duk lokacin da ƙarfe yake saman ƙirji, hannunsa a kusa, idonsa ba a kan waya ba. Shi zai ce a tsaya da zarar ya ga baya ya fara tanƙwarewa, ko da saura biyu a cika 10. Shi ne kuma zai tsawata wa masu dariya, domin yaro ba zai iya ba. A sami ɗan littafi a raba kowane shafi biyu, kowa ya rubuta abin da ya ɗaga da kwanan wata. Da wannan littafi sabon shiga zai daina duban farantin Yaya, ya koma duban abin da shi kansa ya yi makon jiya.

Na san wasu za su ce ai gasa ce take sa namiji ya yi zuciya, kuma lallaɓa yaro ɓata wa babba lokaci ne. Gasa tana da daɗi tsakanin tsara. Tsakanin mai shekara 4 da mai kwana 4 kuwa sunanta mugunta. Batun lokaci ma bai taka kara ya karya ba, don mai ɗaga nauyi sosai dole ya huta minti 2 ko 3 tsakanin zubi da zubi, a cikin hutun nan ne ƙarami zai yi nasa.

Ga iyayenmu ina da 'yar magana, tare da girmamawa. Ana yawan cewa ɗaga ƙarfe yana tsumburar da yaro. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a bayanin da ta fitar a 2020, ta nuna cewa horon da aka tsara da kyau, da mai lura a kai, ba ya hana tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shekarar ta ba da shawarar 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa yin motsin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Abin tambaya shi ne wa yake tsaye a kan yaron, kuma nawa ake ɗora masa. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma ciwo mai suka a gaɓa, ko kumburi mai tsanani, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, wannan na asibiti ne nan take, domin tsokar da aka azabtar fiye da kima tana iya taɓa ƙoda. Haka kuma duk wanda ya miƙa wa yaro ƙwaya ko allura da sunan ƙara ƙwanji, a raba su tun da wuri. Wake da ƙwai da gyaɗa da nono da isasshen barci sun isa, sai yawan shan ruwa, musamman lokacin bazara.

Ni dai sai da Baffa ya sa baki kafin aka bar ni na koma, bisa sharaɗin Yaya ya zo gida ya yi wa mahaifiyata alkawari da bakinsa. Ya zo, ya durƙusa ya yi. Muka sayi littafi mai shafi 40, na fara da sanda ba komai a kanta. Ranar da za mu dawo makaranta na tura kilo 32 sau 10, kafaɗata lafiya lau. Mai kirana amarya har yanzu bai daina ba, sai dai yanzu yakan jira Yaya ya fita tukuna.