Darasin Anak Krakatau ga Kwarin Gulbin Zamfara: Wa Zai Sanar da Kebbe Kafin Ruwa Ya Iso?

A daren 22 ga Disamba, 2018, wani ɓangare na dutse mai aman wuta da ake kira Anak Krakatau ya zaftare ya faɗa cikin mashigin tekun Sunda, tsakanin tsibiran Java da Sumatra a ƙasar Indunusiya. Dutsen da tsawonsa ya kai mita 338 ya wayi gari bai wuce mita 110 ba. Tarin ƙasa da duwatsun da suka afka cikin teku suka tura ruwa gaba, cikin abin da bai kai sa'a guda ba igiyar tsunami ta isa gaɓar lardunan Banten da Lampung, ta hallaka mutum fiye da 400. Babu jiniya ko ɗaya da ta yi kuka a daren, alhali Indunusiya tana da tsarin gargaɗin tsunami da aka kashe wa maƙudan kuɗi tun bayan bala'in 2004. An gina tsarin ne a kan sa ido ga girgizar ƙasa: idan na'urori suka ji ƙasa ta motsa da ƙarfi a ƙarƙashin teku, sai a yi shela. A wannan karon ƙasa ba ta girgiza yadda na'urorin ke jira ba. Gefen dutse ne ya zame, ruwa kuwa bai damu da abin da ya ture shi ba.

Mai karatu a Tambuwal ko Kebbe zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda tsakaninsa da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma babu dutse mai aman wuta a ƙasar Sakkwato. Gaskiya ne tsunami ba za ta taɓa zuwa Dogondaji ba. Amma kuskuren da ya ci rayuka a mashigin Sunda, wato zuba ido ga sanadi guda ɗaya a manta da ruwan kansa, shi ne kuskuren da ake maimaitawa kowace damina a kudancin Jihar Sakkwato.

Duk lokacin da aka ambaci ambaliya a wannan jiha, tunanin jama'a da na hukuma yakan tafi ga madatsun ruwa. Akwai dalili. A watan Satumba na 2010 ruwan Gulbin Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya shafe ƙauyuka da gonaki, ya yanke gadar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari. Tun daga wannan shekara, tambayar da ake yi idan marka ta kankama ita ce ko an buɗe Goronyo, ko an saki ruwan Bakolori. Sai dai ruwan da ke barazana ga ƙasar Kebbe da kudancin Tambuwal ba ya ratsa ko ɗaya daga cikin madatsun nan biyu. Gulbin Zamfara ne, wanda ke gangarowa ta ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, ya ratsa Kebbe, ya wuce Jega, kafin ya haɗe da Gulbin Kebbi a kudu da Birnin Kebbi. Babu injiniyan da zai fitar da sanarwar buɗe ƙofa a kan wannan gulbi, don haka babu sa'ar da za a ce daga ita aka fara ƙirga haɗari. Ruwan sama ne da ya sauka a wani daji mai nisa, a wata jiha, sau da yawa a daren da sararin Kebbe ke cike da taurari.

A watan Agusta na 2024 ambaliya ta mamaye unguwanni a garin Gummi, ta raba dubban mutane da gidajensu. Daga Gummi zuwa Kebbe bai kai kilomita 50 a miƙe ba, kuma gulbi ɗaya ne. Duk ruwan da ya cika Gummi, in ban da wanda fadamu suka shanye, hanyarsa ta gaba ita ce Kebbe. Abin tambaya shi ne: a irin wannan dare, wane ne aikinsa ya ɗaga waya daga Gummi ya kira Kebbe? Gummi tana Jihar Zamfara, Kebbe tana Sakkwato, Jega tana Jihar Kebbi. Kowace jiha tana da hukumarta ta agajin gaggawa, kowace hukuma tana kai rahoto babban birninta. Labari yakan hau Gusau, wataƙila ya kai Abuja, ya dawo Sakkwato, sannan ya nufo kudu, alhali ruwa ya bi gajeriyar hanya.

Ba a rasa hukumomin hasashe a Nijeriya ba, kuma zalunci ne a ce ba sa aiki. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya inda take jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, NEMA kuma tana aika wa gwamnatocin jihohi takardun faɗakarwa. Wannan ilimi ne mai amfani ga mai tsara kasafi da mai tanadin kayan agaji. Amma a faɗa wa manomin shinkafa a watan Afrilu cewa ƙaramar hukumarsa na iya fuskantar ambaliya tsakanin Yuli da Satumba, an faɗa masa abin da kakansa ya sani ne. Abin da yake bukata shi ne a ce masa ruwa ya haura alama kaza a Gummi da magariba, ana sa ran ya iso kafin hantsi, ya kwashe taki da injin ban ruwa da awaki, ya kai yara tudu. Hasashen shekara daban, gargaɗin sa'o'i daban, kuma na biyun ne ke da ƙaranci.

Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja a ranar 29 ga Mayu, 2025 ya ƙara fito da wannan giɓi. Garin yana maƙwabtaka da manyan madatsun Jebba da Kainji, kuma da farko su aka zarga. Ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya ta ce ba su da hannu. Ruwan sama ne na dare guda, ya auka wa unguwanni da asuba mutane na barci, ya kashe fiye da 150. Wannan ya fi kama da haɗarin da ke fuskantar garuruwan tudu na ƙasar Tambuwal, irin su Jabo da Sanyinna da Dogondaji, inda abin tsoro shi ne ƙoramar da ke bushe wata tara ta cika a cikin sa'a biyu, da magudanar da aka toshe da shara ko aka yi gini a kanta, da katangar ƙasa da ta sha ruwa kwana uku ta faɗo wa masu barci.

Duk da haka mutanen kwarin Gulbin Zamfara suna da wata dukiya da mazauna gaɓar Sunda ba su samu ba, ita ce lokaci. Tsunamin da zaftarewar dutse ke haifarwa mintoci take bayarwa. Ambaliyar gulbi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tafiyar hawainiya take yi, tana cika fadama bayan fadama, tana ba da sa'o'i masu yawa tsakanin gari da gari. Ƙasashen da ke fama da tsunami suna kashe biliyoyi don su sayi minti goma. A nan sa'o'i ne ke zubewa a banza saboda rashin wanda aka ɗora wa alhakin magana.

Maganin kuma bai fara da na'ura mai tsada ba. A tsibirin Simeulue na Indunusiya, wanda yake kusa ƙwarai da inda girgizar 26 ga Disamba, 2004 ta tashi, mutum bakwai kacal aka ruwaito sun mutu cikin al'umma mai kusan 78,000, a bala'in da ya ci kimanin mutum 230,000 a kewayen Tekun Indiya. Abin da ya cece su kalma ce guda, smong, wadda suka gada daga tsunamin 1907. Iyaye sun yi ta sanya ta cikin labarai da waƙoƙin reno har kowane yaro ya san cewa idan ƙasa ta girgiza, teku ya janye, gudu ake yi zuwa tudu ba tare da jiran umarnin kowa ba. A Bangaladesh, bayan guguwar 1970 da ta kashe aƙalla mutum 300,000, an kafa rundunar masu aikin sa kai na ƙauyuka da ke yawo da lasifika da tutoci, kuma yawan mace-mace a guguwowin baya-bayan nan ya ragu nesa ba kusa ba. A wuraren biyu, saƙo ya isa kunne ne cikin harshen gida, daga bakin wanda aka sani.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tsari. Sarkin ruwa da masunta da masu fito sun san gulbi kamar tafin hannunsu: sun san launin da ruwa ke sauyawa idan sabo na tafe, sun san ma'anar kumfa da karmami da itacen da ya fara ɗaukowa. Uban ƙasa yana da hakimai da masu unguwanni, kowane gari yana da mai shela, kowane masallacin Juma'a yana da lasifika. Abin da ya rage shi ne a ɗinke waɗannan da zare ɗaya. A kafa ma'aunin ruwa mai fenti uku a ƙafar gadoji da mashigai daga Anka zuwa Jega, a naɗa wa kowane ma'auni mutum biyu da ɗan alawus na watannin damina, a ba su lambobin takwarorinsu na garin da ke ƙasa da su, a kuma yarda tun kafin saukar ruwan fari cewa idan ruwa ya taɓa jan fenti, mai lura zai kira gari na gaba kai tsaye, sa'annan ya sanar da ofis. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ikonta ya ratsa jihohin uku, ita ta fi dacewa ta riƙe wannan zare, gidajen rediyon jihohin kuma su riƙa karanta matakin ruwan kowace safiya kamar yadda ake karanta farashin hatsi.

Akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko ita ce gargaɗin ƙarya. Idan aka tayar da gari sau biyu ruwa bai zo ba, a karo na uku babu mai motsawa. Masana tsunami sun ɗanɗana wannan. A 2001 wasu masu bincike biyu, Steven Ward da Simon Day, sun wallafa hasashen cewa gefen dutsen Cumbre Vieja na tsibirin La Palma zai iya zaftarewa ya aika igiyar ruwa har gaɓar Amurka. Kafafen yaɗa labarai suka yi ta kururuta batun, binciken da ya biyo baya ya nuna an zuzuta girman haɗarin, dutsen kuma ya yi aman wuta kusan wata uku a 2021 ba tare da ya zaftare ba. Tsoratarwa marar awo tana cinye amana. Shi ya sa ma'auni mai mataki uku ya fi shela guda: mataki na fari a sa ido, na biyu a kwashe dukiya, na uku kaɗai ne na tashi. Manomin da ya kwashe buhunan takinsa ruwa bai zo ba, asarar wuni ɗaya ya yi, zai kuma yafe.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsaro. Yawancin ƙasar da gulbin ke ratsawa tana fama da 'yan bindigar daji, kuma cewa mutum ya fita da iyalinsa da shanunsa cikin dare ya nufi tudu na iya zama fitar da shi daga bakin kura zuwa bakin zaki. Haka nan ba a manta ba cewa a watan Satumba na 2021, ana tsakiyar damina, an katse layukan waya a duk Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Tsarin da ya dogara ga wayar salula kaɗai zai mutu a irin wannan rana. Wannan ba ya rushe shawarar, gyara ta yake yi. Dole mafaka ta kasance a cikin gari ko a gefensa, makarantar firamare ko masallacin da ke kan tudu, wadda aka zaɓa aka sanar tun da rani. Dole kuma a tanadi hanya ta biyu ta isar da saƙo, ko ta rediyon oba-oba na jami'an tsaro, ko ta direbobi da 'yan kabu-kabu da ke zirga-zirga tsakanin kasuwannin yankin.

Akwai kuma mai cewa ruwa na Allah ne, abin da aka ƙaddara ba ya wuce ranarsa. Ba a musun wannan. Amma manomin da ke faɗin haka shi ne kuma yake ɗora rumbunsa a kan duwatsu don gudun danshi da gara, yake yaɓe katangarsa kafin damina. Malaman yankin sun fi kowa sanin cewa riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali, kuma huɗuba ɗaya a watan Yuni za ta yi aikin da takardun faɗakarwa ɗari ba su yi ba.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam zai kasance ƙarƙashin inuwar tsarin gargaɗin gaggawa. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum fiye da 220,000, Kebbe fiye da 120,000, kuma yau sun haura haka nesa. Indunusiya, bayan daren Anak Krakatau, ta koma ta dasa na'urorin auna tashin ruwa a kewayen dutsen, domin ko mene ne ya ture teku a gan shi. Abin da ya yi daidai da wannan a kwarin Gulbin Zamfara gwangwanayen fenti ne, da jerin lambobin waya, da zama ɗaya tsakanin shugabannin ƙananan hukumomin Gummi da Kebbe da Tambuwal da Jega tare da sarakunan ruwansu, a cikin watan Mayu, tun gulbi yana rairayi.