Caruso da Garmaho: Gwanin da Bai Raina Faifai Ba

'Yan'uwa ɗalibai, a ƙasashen Turai akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake kira opera, wanda a cikinsa 'yan wasa ke rera dukan maganarsu da waƙa, makaɗa na raka su. Namijin da muryarsa ke tashi sama da ƙarfi, wanda galibi shi ake ba matsayin jarumin labari, shi ake ce wa tena. Cikin masu wannan murya da wuya a sami wanda sunansa ya kai na Enrico Caruso, mutumin Italiya. Ra'ayinmu shi ne, rabin wannan ɗaukaka daga maƙogwaronsa ta fito, rabi kuwa daga wata shawara da ya yanke, watau yarda da garmaho a zamanin da manyan mawaƙa ke yi masa kallon abin wasan yara.

An haifi Caruso a birnin Naples ran 25 ga Fabrairu 1873, a gidan talakawa. Ubansa makanike ne, shi ma tun yana yaro aka sa shi koyon aikin ƙarfe, karatun makaranta kuwa kaɗan ya samu. Ya fara waƙa a majami'a, sa'an nan a bakin titi. Malamin da ya horar da muryarsa, Guglielmo Vergine, ya ɗaure shi da yarjejeniyar ba shi kashi 25 cikin ɗari na abin da zai samu. A 1895 ya fara fitowa dandalin opera, kafin shekara bakwai kuma ya yi suna a Italiya.

To, a watan Afrilu na 1902 wani Ba'amurke mai suna Fred Gaisberg, ma'aikacin kamfanin Gramophone na London, ya zo birnin Milan da na'urarsa, ya roƙi Caruso ya yi masa waƙa goma a kan fam 100. A ɗakin otal aka yi aikin. A lokacin babu lantarki a cikin sha'anin ɗaukar murya. Mawaƙi kan tsaya gaban wani ƙaton ƙaho, ƙarfin muryarsa ya girgiza allura, ita kuma ta yi zane a kan kaki. Maimakon taron makaɗa, fiyano ɗaya tak ta raka shi, kowace waƙa kuma dole ta ƙare cikin 'yan mintoci kaɗan.

Kada mu yi saurin zargin waɗanda suka ƙi wannan na'ura, domin suna da hujja. Takan rage wa murya armashi, ta cika ta da ƙarar allura, gwanin da sarakuna ke tafa wa kuwa ba zai so a ji shi a haka ba. Babban tena na zamanin da ya gabaci Caruso, watau Jean de Reszke na ƙasar Poland, ya bar dandali ba tare da an sayar da faifansa ko ɗaya ba. Abin da ya saura na muryarsa shi ne 'yan guntayen da wani ma'aikacin gidan opera na New York, Lionel Mapleson, ya ɗauka daga nesa, waɗanda da ƙyar kunne ke rarrabe waƙa da hayaniya a cikinsu. Yau sai dai mu karanta yabonsa a littafi.

Caruso kuwa faifansa ya riga shi shiga gidajen da bai taɓa takawa ba. A 1903 ya fara waƙa a gidan Metropolitan na New York, inda ya fito sau 863 kafin ƙarshen 1920. Daga 1904 ya ƙulla da kamfanin Victor na Amurka, ya yi faifai fiye da 200 a rayuwarsa. Waƙarsa ta cikin wasan Pagliacci, inda ɗan wasan barkwanci ke ba mutane dariya alhali zuciyarsa na kuka, an sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. Lebura wanda ba shi da kuɗin shiga gidan opera ya ji abin da a da sai attajirai ke ji. Ya rasu a Naples ran 2 ga Agusta 1921 yana da shekara 48, shekara huɗu kafin a soma ɗaukar murya da lantarki a 1925. Da ya ce sai na'ura ta gyaru, da ya tafi da muryarsa kabari.

Wani zai ce abin da ke cikin faifan nan inuwar Caruso ce kurum. Mun yarda, amma masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi. Daga wannan inuwa ce mawaƙan da suka biyo baya, har da Luciano Pavarotti, suka san irin gwanin da ya gabace su.

Wanda ya taɓa sauraron tsohon faifan Narambaɗa ya san wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce, domin mawaƙan fada da yawa da suka gabace shi sai sunansu ya rage. Da yawa cikinmu gobe su ne ma'aikatan gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu, a hannunsu tsofaffin kaset za su tsira ko su lalace, su ne kuma za su yanke ko a je a ɗauki muryar tsohon gwani bana ko a jira kasafin baɗi. In ranar ta zo, mu tuna da waƙa goma na ɗakin otal a Milan. Allah ya sa mu gane.