GISHIRI DA TASHI FITSARI DA DARE

Akwai wata damuwa wadda magidanta da yawa su ke fama da ita, amma kunya ta hana a faɗe ta a zaure, watau tashi fitsari sau biyu ko uku kowane dare. Malamin da bai sami barci ba, gari na wayewa sai ka gan shi gaban allo yana hamma. Akawu kuwa ya jera lissafi ya rasa inda kuskure ya shiga. Galibi in abin ya ishi mutum sai ya ɗora wa ruwa laifi, ya daina sha tun la'asar. Mu a ganinmu an kama marar laifi, an bar ɓarawon cikin tukunyar miya.

Ga yadda abin ya ke. In mutum ya ci gishiri fiye da bukata, babbar hanyar da jiki ke fid da shi ita ce ƙoda, ƙoda kuwa ba ta fid da gishiri sai da ruwa. Saboda haka ƙishirwa ta ƙaru, a yi ta sha, mafitsara ta yi ta cika. Ga wanda ya wuni zaune bisa kujera, musamman in shekaru sun ja, wani ruwan a ƙafafu ya ke taruwa. Da ya miƙe a gado sai ruwan ya komo cikin jini, ƙoda ta shiga aiki da tsakar dare.

Wannan ba zancen kasuwa ba ne. A cikin 2017 wani likita na Jami'ar Nagasaki ta ƙasar Japan, Tomohiro Matsuo, ya kai rahoto gaban taron likitocin mafitsara na Turai a London. An shawarci mutum 321, maza da mata masu wannan damuwa, su rage gishiri, aka bi su mako 12. Mutum 223 suka rage daga giram 10.7 zuwa giram 8 a rana, tashinsu da dare ya sauko daga sau 2.3 zuwa sau 1.4 bisa matsakaicin lissafi. Sauran 98 ƙarawa ma suka yi, nasu tashin ya hau zuwa sau 2.7. Abin lura, har waɗanda suka rage ɗin ba su sauko ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ba, wadda ta ce baligi ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda.

To, mu auna namu. Ga gishirin miya, ga dunƙule wanda kusan rabinsa gishiri ne, ga kanwa mai irin sinadarin gishiri, sa'an nan a barbaɗa yaji a tsire bayan lisha. Wanda ya ci wannan duka ya kuma ƙaurace wa ruwa cikin zafin bazara ya cuci kansa sau biyu, domin yawan gishiri da ƙarancin ruwa duk suna taimakon tsakuwar ƙoda.

Amma fa ba mu ce gishiri ne kaɗai ba. Ciwon sukari yana sa yawan fitsari, haka kumburin tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar dattawa. Wanda ya ga jini, kamar na tsargiya, ko ya ji zafi, ko fitsari ya riƙa fita da ƙyar, asibiti za shi nufa, ba da jinkiri ba.

Muna roƙon shugabannin makarantun kwana da kwalejojin horon malamai su shiga madafa da kansu, su sa a riƙa auna gishiri da dunƙule kamar yadda a ke auna hatsi, a raba da yawan ɗalibai a ga abin da kowa ke ci. Kada a rage gaba ɗaya, yara su ƙi tuwo. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan, a ƙara daddawa da albasa, cikin 'yan makonni harshe zai saba.