Gidan Reno Ba Tireda Ba Ne

Jama'a, ina da ƙorafi. Kwanan baya na raka yayata wani gidan renon yara a unguwarmu. Gareji ne aka share, aka shimfiɗa tabarma, aka bar yarinya ɗaya da jarirai cike da ɗaki, mai gidan kuwa tana can tana lissafin kuɗin wata.

Masana kasuwanci sun ce abu huɗu ake aunawa kafin a kafa sana'a: ƙarfi, rauni, dama da barazana. To, dama kam akwai ta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mace hutun haihuwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6. Dole ma'aikaciya ko ɗaliba ta nemi inda za ta ajiye ɗanta kusa da ita.

Amma Hajiya, ina sauran ukun? Ƙarfinki amanar iyaye ce, ba allon da kika kafa a ƙofa ba. Rauninki masu renon da ba ki horar ba, ba ki kuma biyansu abin kirki. Barazana kuwa, ƙyanda ta kama yaro ɗaya a ɗaki marar taga, sai ta bi sauran. Ga kuma kaka a gida tana reno kyauta. Ran da aka daina yarda da ke, can za a koma.

Saboda haka na ce, wadda ba za ta duba katin rigakafi ta ƙara ma'aikata ba, ta je ta sayar da atamfa. Atamfa in ta yage a ɗinke, ɗan mutum fa?