Wane ne sarkin dambe?

Jama'a, duk inda masu son dambe sunka haɗu, a fada ko a gindin tele, gardama ba ta ƙarewa. Wani ya ce wane ya fi kowa, tunda ɗamara tana hannunshi. Wani ya ce a'a, wane ne gwani, don ba a taɓa kada shi ba. Ni ra'ayina shi ne, kafin a yaba ma ɗan dambe, a fara tambaya: da wa da wa ya kara?

Mu fara da maganar ɗamara. A damben Turawa, wanda ya ci gasar duniya ɗamara ake ba shi. To amma ƙungiyoyin da ke ba da ita har huɗu ne manya: WBA, WBC, IBF da WBO. Kowace da tata ɗamara. Ga shi kuma an raba ƴan dambe aji-aji bisa nauyin jikinsu, wajen aji 17. Ku lissafa da kanku. A aji guda ana iya samun mutum huɗu, kowane yana cewa shi ne zakaran duniya. Gari ɗaya, sarki huɗu! Ƙungiyoyin nan kuwa suna karɓar kasonsu na kuɗi duk lokacin da anka yi dambe a kan ɗamararsu. Yawan ɗamara riba ce gare su.

A shekara ta 1992, wani Ba'amurke mai suna Riddick Bowe yana riƙe da ɗamara uku. Anka ce ya kara da Lennox Lewis na Ingila. Ba su daidaita ba. Bowe ya je birnin Landan, ya jefa ɗamarar WBC cikin kwandon shara a gaban ƴan jarida. Sai anka ba Lewis ita ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Lewis jarumi ne, daga baya ya nuna haka a fage. Amma a ranar, ɗamarar ba ta gaya ma kowa wanda ya fi ƙarfi tsakanin su biyu ba.

Ga wani labari kuma. Muhammadu Ali ya zama zakaran duniya a 1964, bayan ya buge Sonny Liston. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Anka ƙwace ɗamararshi, anka hana shi dambe fiye da shekara 3. Anka ba wasu ɗamarar. Amma mutane da yawa sunka ci gaba da kiran shi zakara, don ba a fage anka ƙwace ta ba, a ofis ne.

Sai maganar rashin faɗuwa. Rocky Marciano ya yi dambe sau 49, bai faɗi ba. Floyd Mayweather ya yi sau 50, shi ma bai faɗi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu raina su ba. Ali kuwa ya ci 56, an ci shi sau 5. In lissafi kaɗai za a bi, yana bayansu. To don mi duniya ta fi tunawa da shi?

Don bai guje ma kowa ba. Joe Frazier ya ci shi a 1971. Ali ya sake neman shi har sau biyu, ya rama. A 1974 ya tari George Foreman a Kinshasa. Foreman saurayi ne mai shekara 25, ba a taɓa cin shi ba. Ali yana da shekara 32, mutane na cewa ya tsufa, za a ji mishi ciwo. Ya jingina da igiya, ya bar Foreman yana ta duka har ya gaji. A turmi na 8 ya kai shi ƙasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Suna ma yana ruɗi. Mike Tyson ya zama zakara a 1986 yana da shekara 20. Jin sunanshi kaɗai yana sa gaban maza faɗuwa. A 1990 a birnin Tokiyo, wani da ba a sa shi cikin lissafi ba, Buster Douglas, ya shimfiɗe shi a turmi na 10. Gaba da gabanta.

Wani zai ce: to malam, ɗamara ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, in an same ta ta hanyar da ta dace. A 2024, a birnin Riyad na Saudiyya, Oleksandr Usyk na Yukiren ya ci Tyson Fury na Ingila, ya haɗa ɗamara huɗun nan duka. Ranar ba a yi gardama mai yawa ba, don manya biyu ne sunka haɗu, kowa ya gani da idonshi.

Mu a Nijar mun san daɗin wannan tsari. A kokowa, takobi ɗaya ne. Tun 1975 da anka fara a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka, kowace jiha tana kawo mazanta, a kara a gaban jama'a. Ba mai zaɓen abokin karonshi. Wanda ya rage a tsaye shi ne sarki. Duk da haka, muna tuna wasu ƴan kokowa da ba su taɓa ɗaukar takobi ba, saboda zuciyarsu da ladabinsu. Haka kuma Isaka Dabore, ɗan dambenmu. A 1972 ya je wasannin Olimfik a birnin Munik na Jamus, ya zo na uku, ya samu lambar tagulla. Ita ce lamba ta farko da Nijar ta taɓa samu a wasannin nan. Wa zai ce ba gwarzo ba ne don bai kawo zinariya ba?

Abin da nake tsoro shi ne abin da yaranmu ke koya daga bakinmu. In muna yabon wanda bai taɓa faɗuwa ba kaɗai, yaro zai koyi gudun mai ƙarfi, ya riƙa neman raggo. Wanda ya faɗi sau ɗaya kuma zai ji kunya ya bar fage. Ko a ajin yaƙi da jahilci haka ne: akwai masu barin karatu don an yi musu dariya ranar da sunka kasa karanta layi guda.

Saboda haka, in gardama ta tashi a fada, ku tambayi abu uku. Da wa ya kara? Ya taɓa guje ma wani? Da ya faɗi, ya dawo fage ko kuwa? Wanda ya tsallake ukun nan, ku kira shi sarki, ko da ɗamara ko babu.

Tambayoyi
1. Ƙungiyoyi nawa ke ba da ɗamara a damben Turawa?
2. Don mi anka ƙwace ɗamarar Muhammadu Ali a 1967?
3. A garinku, wane ɗan dambe ko ɗan kokowa ake yabo, kuma don mi?