Ladabi Ba Tsoro Ba Ne

A hutun da ya wuce, malaminmu na Hausa ya ara mini wani ɗan littafi mai suna Mutumin Kirki, wanda Bature Kirk-Greene ya wallafa a 1974. A zauren gidanmu da ke Mandawari na karanta shi. Marubucin ya lissafa halaye 10 da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su. A cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da hankali da adalci.

Ina cikin karatun sai gabana ya faɗi, domin na tuna da abin da ya faru a ɗakin kwananmu bara. Agogon wani ya ɓace, manyan ɗalibai suka ɗora wa wani ɗan aji ɗaya laifin. Ni kuwa na ga wanda ya buɗe akwatin da idona, amma na yi gum, wai ina girmama na gaba. Yaron ya sha bulala a banza, bai kuma dawo makaranta ba bayan hutu. A lokacin na ɗauka ladabi na yi. Yanzu na gane tsoro ne kawai. Na riƙe ladabi da kunya, na saki gaskiya da adalci.

Iyayenmu sukan ce bin na gaba bin Allah ne. Wannan gaskiya ne, muddin na gaban yana kan hanya. Amma Allah ya ba kowa hankali don ya bambanta fari da baƙi, kuma kowa shi kaɗai zai amsa tambayarsa gobe kiyama.

Mu dubi Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a unguwar Sudawa a 1920. Ɗan gidan malamai ne, ya san darajar manya. Duk da haka, a 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru, ya shiga jam'iyyar NEPU, ya riƙa faɗa wa masu mulki gaskiya game da wahalar talakawa. Wasu sun ce ba shi da kunya. Amma bayan rasuwarsa a 1983, ga filin jirgin sama da babban asibiti a Kano suna amsa sunansa.

Ba ina cewa yaro ya riƙa yi wa manya tsaurin ido ba. Wannan rashin tarbiyya ne. Ana iya durƙusawa har ƙasa kuma a faɗi gaskiya.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu bi taro mu tsaya mu yi tunani. Ku kuma iyayenmu, in yaro ya yi tambaya cikin ladabi, don Allah kada a ce ya cika iyayi, gama matambayi ba ya ɓata. Ni dai na riga na gaya wa malamin gidanmu gaskiyar maganar agogon, ko da yake na makara.

Allah ya sa mu dace, amin.